An gayyace mu taimaka wa shirin haziƙai na jami'ar 'yarmu a Amurka: me aikin ya ƙunsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna zaune a Amurka, ni ma'aikaciyar haɗa magunguna ce, maigidana kuma injiniya. 'Yarmu ta samu jami'ar jiha, an kuma ɗauke ta a sashen da suke kira Honors College. Sai ga wasiƙa daga ofishin sashen, suna gayyatar iyaye da tsofaffin ɗalibai su yi rajistar aikin sa kai don tallafa wa shirin. Ina da niyya, amma ban san me za a sa ni ba, nawa zai ci na lokaci da na kuɗi, kuma ko zai amfani 'yata.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya wa karatun yarinya albarka.

Bari a fara da tambayarki ta ƙarshe, don ita ce ke sa iyaye da yawa shiga da zumuɗi su fita da ɓacin rai. Aikin ba zai ƙara wa 'yarki maki ko ɗaya ba, ba zai sa a fifita ta wajen rabon tallafin karatu ba, kuma duk ofishin da ya san aikinsa zai nisanta ki da duk wani kwamitin da sunanta zai iya bi ta cikinsa. Hidimar da za ki yi ta 'ya'yan wasu ce. Ribar 'yarki ita ce iyayen wasu da tsofaffin ɗalibai su ma suna yi mata irin wannan hidimar ta wani ɓangaren. Idan kin shiga da wannan fahimtar, sauran duk mai sauƙi ne.

Kada sunan ya ruɗe ki da abin da aka sani a Najeriya ko Ghana, inda ake rubuta wa digiri lambar girmamawa gwargwadon matakin da ɗalibi ya fita da shi. A Amurka wannan sashe ne mai zaman kansa a cikin jami'a, da shugabansa da ma'aikatansa, galibi har da ɗakunan kwanan ɗalibansa. Ɗalibin yana karanta fanninsa tare da kowa, amma wani kaso na darussansa, yawanci kashi 20 zuwa 25 cikin 100, yana ɗaukarsu ne a ƙananan azuzuwa na mutum 15 zuwa 25 inda ake zama a tattauna, sannan a shekarar ƙarshe ya rubuta kundin bincike ya kare shi a gaban malamai. Akwai makin da ba a yarda ya sauka ƙasa da shi ba: a sashen Schreyer na jami'ar Penn State 3.40 ne cikin 4, a sashen Barrett na jami'ar Arizona State kuwa 3.25 ake nema kafin a yaye ɗalibi da sunan sashen. Tushen tsarin yana komawa ga Frank Aydelotte, shugaban kwalejin Swarthmore, wanda ya yi karatu a Oxford ya dawo ya kafa irinsa a 1922. Bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan Adam na Sputnik a 1957 sai jami'o'in jihohi suka runguma, don kada haziƙan yaransu su riƙa tsere musu zuwa jami'o'i masu tsada. Ƙungiyar da ta haɗa irin waɗannan shirye-shiryen, National Collegiate Honors Council, an kafa ta a 1966.

Wannan tarihin yana da alaƙa da wasiƙar da kika samu. Sashen yana ƙoƙarin ba ɗalibi irin kulawar ƙaramar kwaleji mai tsada, alhali da kasafin jami'ar gwamnati yake aiki. Giɓin da ke tsakani, masu bayarwa ne ke cike shi. Manyan sunayen ma daga nan suka fito: William Schreyer da matarsa Joan sun ba da dala miliyan 30 a 1997, Craig da Barbara Barrett dala miliyan 10 a 2000. Amma ofishin da ke kula da ɗalibai dubu ɗaya ko biyu da ma'aikata ƙalilan, abin da ya fi ƙaranci a wurinsa shi ne baligi mai sana'a a hannu wanda zai ce zai zo ranar Talata ƙarfe huɗu, kuma a gan shi.

Kafin ki cika fom, ki gane wa ya aiko wasiƙar. Idan daga jami'in neman gudummawa take, to majalisar iyaye ko kwamitin masu ba shugaban sashen shawara ake nufi, kuma irin waɗannan sau da yawa suna da mafi ƙarancin kuɗin da kowane mamba zai bayar duk shekara. Ki tambaya ƙiri-ƙiri, ba abin kunya ba ne, su ma sun fi son a tambaya tun farko. Idan kuwa daga mai kula da harkokin ɗalibai ko tsofaffin ɗalibai take, lokacinki da iliminki ake so. Ki nemi ganawar minti 20 ta waya, ki gaya masa sana'arki da ta maigida, harsunan da kuke ji, nisan gidanku da jami'ar, da awa nawa za ki iya bayarwa a wata. Sannan ki yi masa tambaya ɗaya: wane aiki ne kuke rasa mai yi duk shekara? Amsar ta kan sha bamban da abin da aka jera a fom.

Ƙananan ayyukan ba sa buƙatar dogon bayani. Ranar shigar sababbin ɗalibai ɗakunansu a watan Agusta ana son masu nuna hanya da tura keken kaya, awa uku zuwa huɗu. A bazara, kafin 1 ga Mayu da yawancin ɗalibai ke yanke shawarar jami'ar da za su shiga, ana son iyayen da za su zauna da iyayen sababbi su amsa tambayoyi, ko su buga waya goma sha biyar. A watan Mayu akwai bikin rataya wa masu fita lambar yabo. Duk suna da amfani, amma kowa zai iya yin su. Inda ke da maigida za ku yi abin da wani ba zai iya ba yana gaba.

Na farko shi ne atisayen intabiyu. Kusan kowane irin wannan sashe yana da ofishi, ko yana maƙwabtaka da ofishin, da ke shirya ɗalibai neman manyan guraben tallafi: Rhodes mai kai mutum Oxford, wanda Amurka ke da kujera 32 a cikinsa duk shekara, Marshall na karatu a Birtaniya, Truman na masu niyyar aikin gwamnati da hidimar jama'a wanda ake nema a shekara ta uku, Fulbright na karatu ko bincike a ƙasashen waje, da Goldwater na masu kimiyya da lissafi da injiniyanci. Goldwater ba shi da ganawa, takarda ce kawai. Rhodes da Marshall ana miƙa takardunsu a ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba, a yi ganawa a Nuwamba. Truman ana miƙawa farkon Fabrairu, ganawa ta biyo baya a Maris zuwa farkon Afrilu. Tsakanin ranar da aka sanar da ɗalibi ya kai matakin ƙarshe da ranar ganawarsa, wani lokaci mako biyu ne kacal, kuma a cikinsu ofishin yana son ya zaunar da shi gaban baƙin fuskoki sau biyu ko uku. Malamansa ba za su wadatar ba, don ya saba da su kuma suna tausaya masa.

Ga yadda zaman yake. Za a turo miki takardun ɗalibin kwana biyu ko uku kafin ranar. Ki karanta su da biro a hannu, ki fitar da tambayoyi biyar, ko da biyu kawai za ki samu damar yi. Ku huɗu zuwa shida za ku zauna a gefe ɗaya na teburi, shi kaɗai a ɗaya gefen. Ana yin tambayoyi na minti 20 zuwa 30 ba tare da tsayawa ba, daidai da yadda ainihin ganawar take, sai a fitar da shi minti biyar ku daidaita bakinku, ya dawo a ba shi gyara na kamar kwata ɗin awa. Tambayar da ta fi amfani ita ce wadda ta fito daga abin da ya rubuta da hannunsa. A ce ɗaliba ta rubuta cewa burinta rage tsadar insulin ga marasa inshora. Malamin falsafa zai tambaye ta game da adalci. Ke kuwa da kike tsaye bayan kantar ba da magani kullum za ki iya cewa: ga mutum a gabana ƙarfe tara na dare, inshorarsa ta ƙi biya, kuɗin aljihunsa bai kai ba, shirin naki me zai yi masa a daren nan? Idan ta yi shiru tana kallon silin, an samu inda za a yi aiki, kuma gara ta yi shirun a gabanku.

Abubuwa uku ke ɓata wannan zaman. Akwai mai tambayar da ke shafe minti huɗu yana ba da labarin kansa kafin ya kai ga alamar tambaya. Tambaya kada ta wuce daƙiƙa 20. Akwai mai yabo zalla, wanda ke sallamar yaro da "ka yi ƙoƙari" alhali ya ga yana kewaye-kewaye. Akwai kuma mai son ya nuna ya fi yaro sani. Wajen gyara, ki faɗi abu biyu da ya yi daidai da abu biyu da zai canza, kowanne da misalin jimlar da ya furta. Gyara goma a zama ɗaya ba ya zama a kai. Bayan an tashi ki mayar da takardun ko ki goge su daga kwamfutarki, kuma kada labarin ɗalibin ya biyo ki gida, ko da 'yarki ta san shi.

Akwai tarko ɗaya a nan da masu kyakkyawar niyya ke faɗawa. Ɗalibi zai turo miki rubutun da ya yi game da kansa ya ce ki duba. Hukumar Rhodes ta jima tana sa mai nema ya tabbatar da cewa rubutun nasa ne shi kaɗai, ba wanda ya gyara masa. Sauran ma kowanne da ƙa'idarsa, kuma ƙa'idojin suna canzawa. Kafin ki taɓa ko waƙafi, ki tambayi jami'in ofishin me aka halatta a bana. Kada garin gyaran gira a rasa ido.

Da yake ɗaliban irin wannan sashe da yawa likitanci ko haɗa magunguna suke hari, za a so ki a atisayen ganawar shiga waɗannan makarantun ma. Wasu makarantun suna amfani da tsarin tashoshi: ɗalibi ya karanta wata matsala a bakin ƙofa cikin minti biyu, ya shiga ya yi magana a kai na kamar minti takwas, a buga ƙararrawa ya wuce ɗaki na gaba. Mai sa kai ɗaya yana riƙe tasha ɗaya, ya ga ɗalibai shida zuwa goma a jere da tambaya iri ɗaya. Rabin yini yake ci. Za kuma a roƙe ki ki bar ɗalibi ya biyo ki wurin aiki ya ga yadda ake yi. Kada ki amsa sai kin sami izinin wurin aikin naki a rubuce. Dokar sirrin majinyata ta 1996, wadda ake kira HIPAA, tana kan wuyanki, kuma asibitoci kan nemi ɗalibin ya yi ɗan horo a kanta, ya kawo shaidar rigakafi da gwajin tarin fuka. Wannan shirin yakan ɗauki makonni, don haka idan a hutun Maris ake son ziyarar, a Janairu ake fara cika takardu.

Na biyu shi ne riƙe ɗalibi a matsayin mai ba shi shawara na tsawon shekara. Ki karɓi ɗaya, in ya yi yawa biyu. Awa ɗaya a wata ta isa, wato zama shida zuwa takwas daga Satumba zuwa Afrilu, a wurin da jama'a ke kai-komo kamar ɗakin karatu ko kantin shayi na cikin jami'a, ko ta bidiyo. Irin wannan haɗin yakan mutu ne a wata na biyu, kuma dalilin kusan ɗaya ne: babba yana jiran yaro ya neme shi, yaro yana jin nauyin damun babba. A al'adarmu ƙarami ke zuwa gaida babba, to a nan ki sauke wannan. Kafin ku tashi daga kowane zama ku sa ranar na gaba a waya, kuma ki ba shi ɗan aiki ɗaya: ya gyara takardar tarihin karatunsa da ayyukansa zuwa shafi ɗaya, ko ya rubuta wa mutum ɗaya da kika haɗa su. Idan ya kira ki da sunanki na yanka ba tare da sakaya ba, ba raini ba ne, haka aka tarbiyyantar da shi. Ki gaya masa tun ranar farko yadda kike son a kira ki, zai bi.

Ki san irin yaran da za ki tarar. Yawancinsu tun firamare ba su taɓa faɗuwa jarrabawa ba. Ranar da ɗayansu ya ci maki mai rauni a darasin kemistiri, gani yake duniya ta tashi, ga tsoron a cire shi daga sashen, ga tsoron tallafin karatunsa ya tafi, ga iyaye da suka gama sanar da dangi. Abin da zai fi yi masa amfani daga bakinki shi ne ya ji cewa mai sana'a kamarki ma hanyarta ba miƙaƙƙiya ba ce, sannan ki tura shi wurin jami'in da ke ba shi shawarar darussa, don yawancin sassan suna ba da zango ɗaya na gyara kafin su sallami ɗalibi. Idan kuwa maganar ta wuce ta maki, ya daina barci, ya daina cin abinci, ko ya ambaci cutar da kansa, wannan ya fi ƙarfin mai sa kai. Ki kira ofishin a ranar, kuma ki riƙe lambar 988, layin agajin gaggawa na masu irin wannan damuwar da ke aiki a duk faɗin Amurka tun Yulin 2022. Saboda haka kada ki taɓa yi wa ɗalibi alkawarin cewa duk abin da ya gaya miki zai tsaya a tsakaninku. Idan ya ba ki labarin cin zarafi ko tsangwama ta lalata, jami'o'i da yawa suna ɗora wa masu sa kai nauyin sanar da ofishin da ke kula da dokar Title IX ta 1972, wadda ta hana wariyar jinsi a makarantu. Ki tambayi matsayinki a kan wannan ranar horo, ki kuma gaya wa ɗalibin tun kafin ya buɗe baki.

Maigida kuma, a matsayinsa na injiniya, za a fi nemansa wajen zaman tattaunawa kan sana'a da kuma buɗe ƙofar koyon aiki a kamfani. Ya yi alkawarin abin da ke hannunsa kawai: zai miƙa takarda ga mai ɗaukar ma'aikata, zai yi bayanin yadda ake nema. Kada ya ce "an gama". Idan ɗalibin ɗan ƙasar waje ne mai bizar karatu ta F-1, ba zai fara aiki a wajen jami'a ba sai ofishin ɗaliban ƙasashen waje ya ba shi izini a rubuce, kuma yawanci sai ya cika shekarar karatu ɗaya. Cewa ba za a biya shi ba bai isa ya kare shi ba. Mutum ya ce wa yaro "zo ka riƙa taya mu a ofis, ba komai", wannan alherin yana iya jawo wa yaron asarar bizarsa.

Akwai wani gurbi da ku kaɗai za ku iya cikewa, wato harshe. Lokaci-lokaci ana samun ɗalibin da kundinsa ya shafi Afirka ta Yamma: cutar shan inna da rigakafinta, ƙafewar tafkin Chadi, finafinan Kano, ko rubutun ajami, wanda jami'ar Boston ta ɗauki hotunan tarin rubuce-rubucensa na Hausa ta ajiye a intanet. Ki sanar da ofishin cewa kuna jin Hausa kuma kun san ƙasar. Wasu sassan suna yarda a sa masani daga wajen jami'a a matsayin ƙarin mai karanta kundi, bayan malamin da ke duba aikin da na biyunsa. Aikin shi ne karanta shafi 40 zuwa 80 cikin mako biyu a watan Maris ko Afrilu, da halartar karewa ta awa ɗaya. Sai dai idan ɗalibin zai yi hira da mutane ne kuma ke za ki yi tafinta, dole sunanki ya shiga takardar da kwamitin ɗa'ar bincike na jami'ar ya amince da ita, galibi bayan kin yi wani gajeren horo ta intanet. Idan aka tsallake wannan, ana iya hana shi amfani da duk hirarrakin, aikin wata shida ya tafi a banza. Kuma ki fassara abin da aka faɗa yadda aka faɗe shi, ko da kina ganin bai yi wa garinku daɗi ba.

Sai maganar abinci, wadda na san tana ranki tun kafin a kai nan. Gayyatar ɗalibai takwas zuwa goma cin abincin dare, musamman a hutun Thanksgiving na ƙarshen Nuwamba lokacin da ɗakunan kwana ke zama kufai kuma 'yan nesa ba su da inda za su, yana cikin abin da ɗalibai ba sa mantawa. Amma a bi ta ofis, su tura gayyatar, su karɓi sunaye, su tambayi kowa abin da jikinsa ba ya ɗauka. Girkinmu yana da haɗari ɗaya da ba mu cika lura da shi ba: gyaɗa. Yajin tsire da ƙuli-ƙuli ake haɗa shi, miyar taushe da gyaɗa ake kaɗa ta, ga kunun gyaɗa, ga man gyaɗa a suya, ga riɗi a kantu. Gyaɗa da riɗi suna cikin abinci tara da dokar Amurka ta wajabta a bayyana a jikin kaya, domin akwai waɗanda ɗan kaɗan ya isa ya toshe musu numfashi cikin mintuna. Yaron da ya ga nama gasasshe ba zai kawo gyaɗa a ransa ba. Ki rubuta abin da ke cikin kowane kwano a 'yar takarda ki ajiye a gabansa, kowane kwano da cokalinsa. Abinci mai zafi ya zauna a digiri 60 na Salsiyas ko sama, mai sanyi a digiri 4 ko ƙasa, kuma abin da ya yi awa biyu a kan teburi a tsakanin waɗannan kada a mayar da shi firji don gobe. Idan a cikin jami'a za a yi taron, ki tambaya tukuna, don jami'o'i da yawa sun ba kamfani ɗaya kwangilar abinci kuma ba sa barin girkin gida a taron hukuma.

Ɗauko ɗalibai a motarki ma ki yi tunani. Dokar tarayya ta 1997 da ke kare masu aikin sa kai daga ƙara ba ta haɗa da haɗarin mota ba, kuma inshorarki ce za a fara kamawa. Ya fi sauƙi ofishin ya shirya motar jami'a, ko ɗaliban su kawo kansu.

Yanzu kuɗi. A gida idan ka ga yaro cikin matsi sai ka dunƙula wani abu ka sa masa a aljihu, kuma hakan mutunci ne. A nan yana iya zama matsala ta fuska biyu. Tallafin da ɗalibi ke samu an lissafa shi ne bisa buƙatarsa, kuma kuɗin karatu da ya shigo masa daga waje ana son a sanar da ofishin tallafi, wani lokaci a rage masa wani abu a madadinsa. Sannan kyautar da aka ware wa mutum ɗaya da suna ba ta samun rangwamen haraji, ko da ta cikin jami'a ta bi. Hanyar da ke aiki ita ce ki ba gidauniyar jami'ar, ki rubuta sunan asusun da kike so: asusun gaggawa na ɗaliban sashen, na kayan bincike, ko na tafiya taron ilimi. 'Yan ɗaruruwan daloli a nan suna yin aiki na gaske, don su ne kuɗin rajistar taro, ko buga allon da ɗalibi zai baje bincikensa, ko kuɗin fasfo ga yaron da ya samu gurbin karatu a waje amma bai taɓa hawa jirgi ba. Ki tambayi wurin aikinki da na maigida ko suna ninka gudummawar ma'aikatansu, kamfanoni da yawa suna yi kuma fom ɗaya ne.

Wajen haraji, lokacin da kika bayar ba a cire shi, komai tsadar awarki. Tafiyar mota don aikin agaji ana lissafa ta a santi 14 kowace mil. Duk kyautar da ta kai dala 250 sai da takardar shaida daga gidauniyar, kuma idan kin sayi tikitin liyafar tara kuɗi, abin da ya haura kuɗin abincin ne kawai kyauta. Mai lissafin harajinku zai gaya muku ko wannan ya shafi irin takardar da kuke cikawa.

Idan wata rana ku da 'yan uwa kuka so kafa asusu na dindindin da sunan mahaifi ko mahaifiya, jami'o'i da yawa suna farawa daga dala 25,000 ko 50,000, ana iya biya cikin shekara biyar, kuma abin da ake fitarwa duk shekara kashi 4 zuwa 5 cikin 100 ne. Wato 25,000 za ta riƙa ba da kimanin 1,000 a shekara. Abu biyu za su ba ku mamaki. Ba ku za ku zaɓi wanda zai ci ba, kwamitin jami'a ne. Kuma idan kuka ce sai ɗan Najeriya ko sai Bahaushe, da wuya lauyoyin jami'ar su amince, saboda dokar haƙƙin jama'a ta 1964 ta hana wariya bisa launi ko ƙasar asali a duk inda kuɗin tarayya ke shiga, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yunin 2023 kan shigar da launin fata cikin ɗaukar ɗalibai jami'o'i suka ƙara tsanantawa. Abin da ke wucewa shi ne sharaɗin da ya shafi karatu ko hali: mai bincike a kan yankin Sahel, mai koyon harshen Afirka, ko wanda shi ne na farko a gidansu da ya shiga jami'a.

Idan aka ba ki kujera a majalisar iyaye, zama biyu zuwa huɗu ne a shekara, kuma shawara ake nema, ba a nan ake tsara darussa ko ɗaukar malamai ba. Akwai abin da idonki zai gani wanda na sauran ba zai gani ba. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa ne a Fabrairu da Maris, daidai lokacin jarrabawar tsakiyar zango da rubutun kundi, kuma liyafar da aka sa ƙarfe biyar na yamma tana fitar da masu azumi ba tare da kowa ya nufa ba. Haka taron da aka sa ranar Juma'a da azahar, ko wanda babu abincin halal ko na masu ƙin nama. Ki kawo maganar a watan Mayu ko Yuni lokacin da ake tsara kalandar shekara mai zuwa, tare da ranakun a rubuce. Idan an riga an kama ɗakin taro an biya, sai haƙuri. Ki kuma tambaya game da ɗaliban da ke aiki awa 20 a mako don biyan haya, da waɗanda suka shigo daga kwalejin shekara biyu, don su ne shirye-shiryen yamma da tafiye-tafiye masu tsada ke bari a baya. A gefe guda, jami'ar jiha ta kowa ce, don haka zamanki da ɗalibi ba wurin wa'azi ba ne ko na siyasa, sai in shi ya tambaya game da addininki, ki amsa gwargwadon tambayar.

Game da 'yarki, dokar FERPA ta 1974 ta mayar da ikon bayanan karatu hannun ɗalibi da zarar ya shiga jami'a, ko da ku ke biyan kuɗin. Zama mai sa kai bai buɗe miki wannan ƙofar ba. Idan kika tare ma'aikaciyar ofis bayan taro kika ce "yaya mutuniyar tawa take yi?", kin sa ta a tsaka mai wuya, kuma daga ranar za a fara kaffa-kaffa da ke. Idan kina son ganin sakamakonta, akwai fom ɗin da ita za ta sa hannu, wannan kuma magana ce ta uwa da 'ya. Ki ma tambaye ta tun yanzu waɗanne taruka ne ba za ta so ta waiwaya ta gan ki a ciki ba. Shekararta ta farko ce, tana neman ƙawaye da wurin tsayawa da ƙafarta.

A shekarar farko ki ɗauki abu biyu kawai: ɗalibi ɗaya na shawara, da atisayen intabiyu sau biyu ko uku. Idan aka haɗa da horo da karanta takardu, ba zai wuce awa 20 zuwa 25 ba a shekarar gaba ɗaya. Za a iya neman ki cika fom ɗin yarjejeniyar sirri, ki yi horon awa ɗaya ko biyu ta intanet, kuma idan aikin zai haɗa ki da 'yan sakandare masu ziyara waɗanda ba su kai 18 ba, sai an binciki tarihinki tukuna, abin da kan ɗauki kwanaki zuwa mako biyu. Tunda aikinki na karɓa-karɓa ne, ki ba ofishin ranakun da kike da tabbacinsu da zarar jadawalin wata ya fito, kuma idan uzuri ya taso ki sanar da su aƙalla kwana biyu kafin ranar, don a atisayen Nuwamba ba a samun wanda zai maye gurbi cikin dare ɗaya.